Malam Hambali Goni da Ragar Fagge

Marubucin wannan tarihi, Nu'uman, wanda ya tsare ragar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'Yan Turke shekara goma, ya yi wa iyalan marigayi alƙawarin kammala shi kafin sadakar arba'in. Yau shekara biyar ke nan. Ya ɗora laifin a kan ciwon ido da ɗauke wuta, amma haƙiƙanin dalilin yana sashe na ƙarshe. Allah Ya yafe mana.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Hambali a Fagge ta birnin Kano a shekarar 1949, wadda ta yi daidai da 1368 bayan Hijira. Mahaifinsa, Goni Bukar, ya taso daga Borno da nufin fatauci na wata uku, sai ya zauna shekara arba'in. Sunan mahaifiyarsa Kubura. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa yana da shekara goma sha huɗu, ya yi firamare ta shekara huɗu, sannan ya bari. Gajeren mutum ne, kuma tarihi bai tabbatar da cewa ya taɓa buga ƙwallo ta tafi inda ya nufa ba.

Sana'a

A 1966 aka kai shi Kantin Kwari koyon sayar da yadi, ya kuwa zauna a nan shekara arba'in da shida. Ya shahara da abu biyu. Na farko, bai yarda da tef ba: yakan kama bakin yadi da yatsa, ya miƙe hannu, ya ja zuwa kan hancinsa, shi ne yadi ɗaya. Na biyu, a kan kowane yadi yakan ƙara taƙi guda, wato tsawon buɗewar tafin hannu, ya ce gyara ne. Saboda haka aka san shi da kyauta daga Bata har Kwaciri, kuma tela bai taɓa dawo masa da yadi ya ce bai kai ba.

Aure

A 1976 ya auri Jawahir, 'yar wani malami a Kwaciri, ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Hajiya Jawahir takan ce mutum ɗaya aka ɗaura mata aure da shi, amma bayan shekara uku aka tare mata da ƙarafa uku a zaure, babu wanda ya nemi shawararta.

Kafa ƙungiya

A 1979 ya haɗu da Ticha Zakka, mutumin Zonkwa, malamin lissafi mazaunin Sabon Gari, wanda ya shigo Kwari sayen yadin makaranta. Hira ta kai su ga matsalar da ta dami unguwannin biyu: samarin Fagge suna da 'yan wasa babu fili, na Sabon Gari suna da filin wata firamare amma ba su cika goma sha ɗaya ba. Suka yanke a haɗe. Juma'a ta masallaci ce, Lahadi ta coci, don haka Asabar da la'asar ta zama ranar wasa ba tare da muhawara ba.

Hedimastan makarantar ya gindaya sharaɗi ɗaya: kada a kafa raga ta dindindin a filinsa. Sai aka je wurin Chibuike mai walda, aka ce ya yi raga biyu da bututun ruwa, waɗanda za a iya harhaɗawa a kuma kwance. Ticha Zakka ya duba littafi, ya ce faɗin raga yadi takwas ne, ya rubuta awon tasa ya aika. Malam Hambali ya ce idan maganar yadi ce ba a koya masa. Ya ɗauki igiya, ya ja daga yatsa zuwa hanci sau takwas, ya yanke, ya ce ƙarfe ba a yi masa gyara.

Daga nan al'adar ta samo asali. Raga ɗaya tana kwana a zauren Malam Hambali a Fagge, ɗaya a bayan ɗakin Ticha Zakka a Sabon Gari, kowace Asabar a turo su a kura, a haɗu a fili. Idan ɓangare ɗaya bai zo ba, babu wasa. Ƙungiyar tana da dogon suna na Turanci a takarda, amma gari ya kira ta 'Yan Turke. A kowane wasan gida sukan tsare ragar Sabon Gari kafin hutun rabin lokaci, su koma ragar Fagge bayansa.

Shekarun suna

Marubucin ya shiga ƙungiyar a 1986 a matsayin gola. A zagayen farko ana cinsa kamar yadda ake cin kowa, wani lokaci fiye. Amma da zarar ya koma ragar Fagge sai abu ya canja: ƙwallo ta bugi turke, ko ta wuce gefe da kaɗan, ko ta faɗo masa a ƙirji. A shekara goma, sau tara kacal aka ci shi a can. Aka laƙaba masa Katanga, kuma bai taɓa hana kowa kiransa da shi ba. Mutanen Fagge suka ce addu'ar ɗan Goni ce. Wata ƙungiya daga Kurna ta taɓa haƙa gindin turken tana neman laya, ba ta samu komai ba sai murfin kwalba.

Wata goma sha huɗu

A watan Oktoba na 1991 rikici ya auku a Kano, wanda ba sai an maimaita bayaninsa ga wanda ya gani ba. Ticha Zakka ya kwashe matarsa Rebeka da 'ya'yansu zuwa Zonkwa, ya bar ragarsa a kulle a Sabon Gari, babu sallama babu saƙo.

Da ƙura ta lafa, Malam Hambali ya ci gaba da tura kurarsa kowace Asabar, ya kafa ragar Fagge, ya zauna a kan benci yana fuskantar ɗaya gefen filin har a kira magariba. Samari suka gaji da atisaye a raga ɗaya. Suka ce masa, "Baba, ga masu walda nan birjik a Fagge, a yi mana wata mana." Ya ce, "Wancan gefen yana da mai shi. Ranar da muka kafa namu a can, ku canja wa ƙungiyar suna." Fiye da rabinsu suka koma wasu kulob. Marubucin ya tsaya, saboda biyayya, kuma saboda babu inda ake nemansa.

A wata Asabar ta Disamba 1992 aka hango kura tana shigowa ta ƙofar makaranta, Chibuike yana turawa, Ticha Zakka yana riƙe da bututu kada su zame. Ya rame, ya yi furfura. Ya tsaya a gaban bencin ya ce, "Malam Hambali, an fara ne?" Malam Hambali ya ce, "Ticha, wata goma sha huɗu muna hutun rabin lokaci. Je ka kafa." Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan a gaban jama'a. A wasan da ya biyo baya an ci 'Yan Turke uku, duka kafin hutu.

Ƙarshen rayuwa da rasuwa

Ya sauke farali a 2003, ya bar kasuwa a 2012, amma bai bar zuwa fili ba sai da ƙafa ta ƙi. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, 12 ga Nuwamba 2019, yana da shekara saba'in, bayan gajeriyar jinya. Aka yi masa salla a ƙofar gidansa bayan azahar, aka kai shi makwancinsa. Ticha Zakka ya bi gawar yana dogara sanda har bakin maƙabarta, sannan ya zauna zaman makoki kwana uku ana yi masa gaisuwa tare da 'yan'uwa. Ya bar matarsa Hajiya Jawahir, da 'ya'ya huɗu: Bahauddeen, Mahbuba, Kamila da Abdulƙahhar, da jikoki goma sha ɗaya. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Mako biyu kafin arba'in, Bahauddeen ya fito da ƙarafan daga zaure don a yi musu fenti, ya sa tef a kan na sama. Da marubucin ya ji sakamakon, ya tafi Sabon Gari wurin Ticha Zakka. Tsohon ya ce, "Na auna tun Asabar ta farko, Katanga. Mutum ya turo ƙarfe tun daga Fagge ya zo wurinka, sai ka tarye shi da tef?"

Doka ta ce yadi takwas. Ragar Fagge yadi shida ce da rabi.