Babur ɗin da Na Bayar Aka Sayo Magani

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan, ina malamin asibiti a wani ɗan ɗakin shan magani a Jibiya. A birni ana ta facaka, mu kuwa maganinmu ba ya kai mu ƙarshen shekara. Dalili, gwamnatin jiha kan ware mana kaso ne daidai yawan mutanen gundumarmu, alhali rabin masu zuwa wurina daga Nijar suke tsallakowa, musamman bayan babban farin da aka yi a lokacin. Ba abin da na tsana kamar in dubi uwa da ɗa a goye in ce mata babu.

Da na nemi ƙari, sai aka ce wani jami'in kasafi daga ma'aikatar kuɗi zai zo ya gani da idonsa. In ya gane baƙi nake ba maganin gwamnati, ai ɗan abin da ake ba mu ma sai a rage. Wani abokina ya ce, "Kai dai ka aika wa 'yan duwan na kan iyaka su tsare su ranar." Na ce masa ba zan iya ba.

Bawan Allah nan bai tashi zuwa ba sai ranar kasuwa, layi har bakin titi. Ya zauna kan benci kusa da wata tsohuwa mai riƙe da jikanta, ƙyanda ta rufe yaron.

Ya tambaye ta, "Iya, daga ina?"

"Daga wajen Maraɗi, ɗana. Mi ya faru?"

Wallahi zufa har cikin takalmina! Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. "Malam, in yaron nan bai warke ba, gobe 'ya'yan wa zai shafa wa a kasuwa? Duba shi."

Da la'asar ya ce ya gamsu, amma shi ba ya buga kuɗi, duk abin da ya ƙara a nan sai ya cire daga wani wuri. "A kasafinku na baɗi akwai sabon babur da za a saya maka. Ko shi, ko magani. Zaɓi."

Jama'a, ban san maganar babur ɗin nan ba sai a lokacin, amma nan take na hango kaina a kansa, hula a karkace, ina ratsa garin Bugaje. Ya dube ni ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, a kawo maganin," na ce, murya kamar ta mai zazzaɓi.

Da na gaya wa mahaifiyata, cewa ta yi, "To, ƙafafunka ciwo suke? Hau kekenka."

Haka na ci gaba da tuƙa keke cikin rairayi, ina haki ina gunaguni. Amma da sabuwar shekarar kasafi ta kama, mota ta sauke mana kwalaye har na rasa wurin ajiya.

Ban sake ganin mutumin nan ba, sai dai har yau ina sa shi a addu'a. Da ya so, daga ofis zai ja layi ya huta, amma ya tako ya zauna kan bencinmu. Babur kam har gobe in na tuna sai na ɗan ji wani abu a raina. Amma a shekarar nan kaf, ba uwar da ta tsaya gabana na ce mata babu.