Tirza Ta Ce Ba Inda Za Ta

Tirza 'yar mai gidan burodi ce a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, kuma da an ƙyale ta, da can za ta tsufa tana kwaɓa fulawa. Sai ga wani matashin mai wa'azi, Josaya Akroyd, dogo siriri, mai daɗin baki. Ƙungiyar mishan ta ce masa ba ta tura tuzuru ƙasar mutanen Maori, can wani tsibiri mai nisa a ƙetaren teku, sai ya nemo mata. Aka ɗaura aure, bayan mako uku suna cikin jirgin ruwa. Wata biyar ta yi tana amai a ƙasan jirgi, shi kuwa yana sama yana koya wa ma'aikatan jirgin waƙoƙin coci, su kuma da sun hango shi sai kowa ya tuna yana da aiki.

Ya ce mata akwai gida yana jiran su a bakin kogin Hokianga. Abin da ta tarar a shekarar 1836 bukka ce ta ciyawar fadama, ba ƙyaure, ga alade kwance a tsakiya.

"Mista Akroyd, ina gidan?"

"Ai ga shi, Tirza. Dubi yadda iska take shiga!"

"Na gani. Ruwan sama ma ga shi nan yana shiga."

A ranar ta haɗu da Pare, matar ƙanin sarkin ƙauyen, mace kakkaura mai zane a haɓa. Pare ta shigo ba sallama, ta kori aladen da ƙafa, ta buɗe akwatin Tirza, ta gwada hularta ta zuwa coci, sannan ta dube ta daga sama har ƙasa ta girgiza kai. Washegari ta dawo da kwandon dankali da kifi, ta nuna mata yadda ake dafa su a rami da duwatsu masu zafi. Tirza ta ci don yunwa, amma ta ce ita ba a haife ta don ta binne abinci ba. Ta ɗebo yumɓu a bakin kogi ta gina tanderu da hannunta. Cikin shekara guda ta iya harshen Maori fiye da mijin, domin shi a takarda ya koya, ita kuwa wajen faɗa da masu ɗaukar mata itacen girki.

Josaya ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da mugu ne da ta san abin yi. Shi dai hannunsa ba ya riƙe komai. Ya ba da bargonsu, ya ba da babbar tukunyarta, ranar da aka samu ƙyaure kuwa kwana goma ya yi a jikin bukkar, ya cire ya ba wani tsoho wai zai yi gado da shi. Ta rubuta wa matan coci na gida ta roƙi allura da sabulu da irin kabeji. Bayan wata goma sha huɗu akwati ya iso, cike da ƙananan littattafan wa'azi guda ɗari biyu da Turanci, a wurin da su biyu kaɗai ke jin Turancin. Ta toshe kafofin bango da su, ta ce yau dai sun yi wa wani amfani.

Duk wannan da sauƙi. Babban ciwon shi ne ƙaura. Da ta gyara wuri, ta gina tanderu, ta dasa itacen tuffa, ta tara yaran makaranta, sai wata rana ya dawo fuska tana sheƙi ya ce, "Tirza, na ji kira." Sai a loda kaya a kwale-kwale. Sau shida suka tashi cikin shekara goma sha tara. Ta haifi tara a bukkoki daban-daban, ta binne biyu. Tuffa kuwa ta dasa a kowane wuri, ba ta taɓa cin ko ɗaya ba.

Ƙaura ta shida ta dawo da su Hokianga, kusa da ƙauyen Pare. Nan suka yi shekara biyar, har suka samu gidan katako mai ɗaki uku. Wata safiya tana tsaye tana murza kwaɓin burodi, Pare tana zaune a bakin ƙofa tana zuƙar lofe, sai ga Josaya da fuskar nan.

"Tirza, na ji kira. Can kudu, bakin kogin Mokau, akwai mutanen da ba su taɓa…"

"Wa ya kira ka?"

"Haba, Tirza. Ubangiji mana."

"To, ni bai kira ni ba. Kunne biyu gare ni kamar kai, amma shekara ashirin da huɗu ko gyaran murya ban taɓa ji ba. Kullum kai ake kira, ni ake ɗora wa kaya."

Ya fara yi mata bayanin biyayyar mace ga mijinta. Ta cire hannu daga kwaɓin ta juyo.

"Sau shida na bi ka, Mista Akroyd. Na bar ɗana Edwin a ƙarƙashin ƙasa a Kaipara. Na bar jaririyata a wani tudu da ko hanyarsa ba zan gane ba yanzu. Ba mai cire musu ciyawa. Ba zan ƙara barin kowa a ko'ina ba. In za ka, Allah ya kiyaye hanya, ni dai ba inda za ni."

Ya tsaya yana juya hularsa a hannu, idonsa ya kawo ruwa. Ta ɗauka ya haƙura. Bayan kwana uku sai ta gan shi yana ɗaure littattafansa. Ta gasa masa burodi goma sha biyu tana masifa, ta ɗinke masa kwat tana masifa, da kwale-kwalen ya tashi kuma sai da ta bi shi da gudu cikin taɓo, domin ya manta takalmansa.

"Dogon mijin nan naki," in ji Pare, "ko mako biyu ba zai yi da kwat ɗin nan ba."

"Kin ma yi masa yawa, Yaya."

Wata huɗu ta riƙe wurin ita kaɗai. Ba wani sabon abu a ciki, dama ita ke koyar da yara, ita ke cire haƙori, ita ke karɓar haihuwa. Ranar Lahadi ce kawai ta zame mata matsala, domin mutane suka taru a coci suka zuba mata ido. Ta ce ita ba fasto ba ce, suka ƙi tashi. Ta karanta musu aya goma, ta yi addu'a, ta ce kowa ya tafi gida. Lahadi ta gaba cocin ya cika har waje. Pare da ta shekara ashirin tana ƙin shiga, ta zo ta zauna a gaba.

"Naki ya fi na mijinki, ƙanwata. Kina gamawa tun abinci bai huce ba."

Cikin damina wasu maza huɗu suka kawo Josaya a kan makarar sanduna, ya rame, yana tari, ba kwat, ba takalmi. Kwale-kwalen ya kife a bakin teku, littattafan sun tafi, mutanen Mokau kuma ashe tuni wani mai wa'azin ya riga shi zuwa wurinsu. Tirza ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Ka dawo?"

"Na dawo, Tirza."

"Kiran fa?"

"Wataƙila ban ji da kyau ba."

Ta buɗe baki, ta tara maganar wata huɗu, sai ta ga yadda ƙashin wuyansa ya fito. Ta juya ta ɗora ruwan zafi. Mako tara tana ba shi romo da cokali kafin ya miƙe. Bai sake maganar ƙaura ba. Ya ƙara shekara goma sha huɗu a duniya yana wa'azinsa mai tsawo, yana rabar da abin da ya samu, har sai da ta koma ɓoye cokula a aljihun siket.

Bayan rasuwarsa da shekara guda, mujallar ƙungiyar mishan ta iso daga Ingila da shafi huɗu na yabonsa. Tirza ta sa tabarau ta karanta a baranda. A layin ƙarshe ta ga an ce ya bar matarsa mai haƙuri, Tabita, wadda ba a taɓa jin ta yi gunaguni ba.

"Tabita! Wace ce Tabita?" Ta buga mujallar a gwiwa. "Sunan ma na yafe. Amma wai ban taɓa gunaguni ba? Shekara talatin da takwas ina yi, safe da yamma, da harshe biyu!"

Da ta fassara wa Pare, tsohuwar ta yi dariya har lofenta ya faɗi ƙasa. Tirza ta zauna ta rubuta musu wasiƙa shafi shida, ta jera komai tun daga ranar da ta hau jirgi. Ba su buga ba, ba su kuma ba ta amsa ba.

Ta kai shekara tamanin da uku. Ranar da ta rasu, da hantsi ne, ta taso daga gadon jinya don ta nuna wa matar ɗanta cewa ba haka ake shanya zanen gado ba. Ta gyara biyu, ta ce a kawo mata kujera, ta zauna, ba ta tashi ba. Mutane suka zo da kwale-kwale daga ƙauyuka bakwai, suka yi kwana uku suna makoki irin nasu. Da yawa daga cikin masu kukan ita ta yanke musu cibiya.