Wilbur da Awakin Tsohuwa Nanabah

Kawuna Wilbur Etsitty ƙanen mahaifiyata ne. Wilbur ba sunansa na gida ba ne, a makarantar kwana ta Turawa aka laƙaba masa shi ran da aka aske masa gashi. Na gidan kuwa ba zan faɗa ba, tunda mu ƙabilar Dine, 'yan asalin ƙasar Amurka, ba ma kiran mamaci da sunansa. Shekara tara ya yi a can, ya dawo da Turanci a bakinsa. Ya auri Desbah, mace mai tumaki ɗari biyu da hannun saƙar bargo, ya tare wurin danginta kamar kowane namiji a al'adarmu.

A 1934 hukuma ta ce dabbobinmu sun yi yawa, sun cinye ciyawa, ƙasa tana zaizayewa, dole a rage. Aka nemi masu jin Turanci, aka ba Kawu doki da bindiga, aka haɗa shi da wani Bature mai kula da kiwo, Mista Pruitt. Da fari tafinta kawai yake yi. Daga baya, da aka ga kora awaki zuwa tashar jirgin ƙasa wahala ce, sai a tara su a kwazazzabo a harbe, a watsa kananzir a cinna wuta. Kawu yana cikin masu harbin.

Shekara biyu ya yi a haka. Mata suka sa masa suna Harshen Bature, in ya shiga kanti sai hira ta mutu. Yakan ce wa mahaifiyata doka ce, kuma ƙasar ta gaji da gaske, in ya bar aikin wanda za a kawo bai san kowa ba. Ita dai ta zuba masa romon tunkiya ta koma gefe.

Wata rana da kaka suka isa bukkar Nanabah, tsohuwa mai yanar ido, da awaki goma sha ɗaya da jikoki biyu da 'yarta ta mutu ta bari. Ƙaramar ba ta kai wata takwas ba. Nanabah ta gane muryarsa, ta dafa musu kofi, ta saurari takardar hukuma da ya karanta mata har ƙarshe. Sannan ta ce wa Kawu:

"Jikana, faɗa masa yadda na faɗa, kar ka gyara mini magana. Yarinyar nan nonon jar akuyar can take sha. In zai harbi akuyar, ya fara da yarinyar, ya rage mata wahala."

Kawu ya saba sassauta maganar mutane kafin ta isa kunnen Bature. Ran nan bai sassauta ba. Pruitt ya shanye kofinsa, ya ce in ya ƙyale tsohuwa ɗaya gobe tsofaffi ɗari zai tarar a ƙofar ofis. Ya ba ta kwana uku ta miƙa awakin.

Washegari da hantsi Kawu ya koma shi kaɗai, ya kora awakin zuwa wani lungu cikin duwatsu inda akwai ido na ruwa, ya nuna wa babban jikan hanya. Daga nan ya wuce ofis ya ajiye bindigar a kan tebur.

"Na kau da su, Maigida. Ba zan faɗi wurin ba, ba kuma zan ƙara harbin dabbar kowa ba."

Pruitt bai ɗaga murya ba. Ya sa aka tsare shi, ya aika shela cewa muddin awakin ba su fito ba, kowane gida a yankin zai ba da ƙarin tumaki goma. Kwana huɗu aka yi. Wanda ya nuna wurin Hosteen Bitsilly ne, dattijon da Kawu da hannunsa ya harbe masa awaki sittin bara. Da aka fito da Kawu da ankwa, Bitsilly ya matso gabansa a gaban jama'a.

"Ashe kana da tausayi, ɗan makaranta? Ran da ka zo gidana a ina ka baro shi? Ko nawa awakin na itace ne?"



A ƙofar bukkar Nanabah aka harbe awakin, Pruitt ya ce a nan kowa zai gani. Aka tsayar da Kawu kusa da Nanabah. Ba ta gani, amma ta san kukan kowace akuya, duk wadda aka kayar sai ta kira sunanta a hankali. Jar akuyar ba ta mutu da harsashin farko ba, ta yi ta jan jiki wajen ƙofa har aka ƙara mata.

Alƙali ya ba Kawu wata shida. Aka kuma duba takardar kiwon Desbah, aka ce tumaki talatin suka halatta gare ta. Sauran an kora su tana tsaye. Da ya fito da bazara ya taka har gida, ya tarar da sirdinsa da bargonsa a waje bakin ƙofa. A wurinmu wannan saki ne, ya gama magana. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya ɗora sirdin a baya, tunda ba doki, ya yi tafiyar yini guda zuwa gidanmu.

A nan mahaifiyata ta gaya masa jaririyar ta rasu tun farkon dusar ƙanƙara. An gwada ta da ruwan garin masara, cikinta ya ƙi. Ta kuma gaya masa abin da Nanabah take faɗa a kanti: da an karɓi awakin ta hanyar doka, da an ba ta dala ɗaya ɗaya, da ta sayi madarar gwangwani. Da yake ɓoye su aka yi, ba a ba ta ko sisi ba. Shekara bakwai tsohuwar ta ƙara a duniya, ba ta canja wannan magana ba.

Kawu ya shiga aikin shimfiɗa layin dogo, ya yi shekara talatin yana ɗaukar ƙarfe. Bai sake aure ba. In an ba su hutu yakan zo wurinmu, ya gyara shinge, ya ɗebo ruwa, bai cika fita ba. Masu gaba da ragin dabbobi ba su taɓa sa shi cikinsu ba, Turawa kuma ba su sake ba shi aikin tafinta ba.

Sau ɗaya na tambaye shi, bayan na girma, ko yana da-na-sanin ajiye bindigar. Yana gyaran igiya ya ce:

"'Yata, ba ita ce ke damuna ba. Bitsilly ya tambaye ni abu, har yau ban samo masa amsa ba."

Ciwon huhu ya kashe shi a 1969, a asibiti. Ni da mahaifiyata da wasu 'yan Meziko biyu abokan aikinsa muka kai shi kabari. An aika wa Desbah, ta ce tana sausayar ulu, ba ta da mai tsare mata tumaki.