Kushewar Yaya a Gindin Dutse

Yayana direban albasa ne. Daga Malanville yake ɗauka, ya yi ta kudu har Kamaru. A Buea zazzaɓi ya kada shi, Hausawan garin suka yi masa sutura a yinin, mu sai waya muka samu. Inna ba ta yi kuka ba. Bayan arba'in ta ce in tafi in ga kushewarsa da idona, in zo in gaya mata yadda wurin yake.

Na tafi. Mai masaukinsa, wani dattijo mahauci, ya kai ni maƙabarta. Ruwan ƙasar ba ya ɗaukewa, ciyawa ta rufe komai har ƙugu. Ya nuna nan, ya ce a'a, ya nuna can. Muka yi addu'a a tsakiya muka fito.

Don ya rage mini zafi, washegari ya haɗa ni da ɗan rakiya zuwa gandun dajin da ke kan dutsen garin. Ni ba zafi nake ji ba, ba na jin komai, amma baƙo ba ya ƙin karamci. Muka yi ta hawa. Ɗan rakiyar ya ce dutsen yana aman wuta lokaci-lokaci, ya nuna mini inda narkakken dutse ya malalo ya daskare, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya nuna kashin giwa, da wata fakara da ya rantse babu irinta ko'ina a duniya. Na ce to. Fakara dai fakara ce. Hazo ya sauko, yatsuna suka ƙage, na tsaya ina kallon takalmina.

Da na dawo gida, Inna tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ba ta ɗago ba.

"Ka gane ta?"

Na ce na gani. Sai bakina ya kama ba ta labarin gandun a matsayin maƙabartar: manyan itatuwa, inuwa ko'ina, tsuntsaye, ƙasa baƙa mai laushi, ga sanyi da hazo ko da rana tsaka. Ina tsammanin mutumin da ya yi rayuwarsa cikin zafin Malanville zai ji daɗin wannan.

Hannunta ya tsaya cikin faifan.

"Sanyi?" ta ce. "Shi da bai iya kwana da ɗari, ko ruwan randa sai na ɗumama mishi."