Madubin Ɗakin Inna

Malama To-Ya-Za-A-Yi, haka ɗalibai ke kiran ta a bayan idonta. Shekara ashirin da biyu tana koyar da lissafi, amma ba ta taɓa miƙa wa yaro amsa a hannu ba. Sai ta shigo aji da wata matsala ta gaske, ta dire musu ita kamar mai sauke tulu, ta harɗe hannu ta ce, "To, ya za a yi?" A haka suka gano kwana nawa tankin makaranta mai yoyo zai yi kafin ya ƙafe.

A shekarar da Innarta ta kwanta, daga gida ta ɗauko matsalar. Ɓarin jikin tsohuwar ya shanye. Gadonta na kallon bango, taga na bayan kanta, ɗakin kuma ya yi ƙanƙanta a juya gadon. Matar da a da ko kaza ba ta tsira daga faɗanta, sai ga ta ta yi tsit. Abinci ma sai da lallashi.

Malama ta zana ɗakin a allo, ta ɗora madubi a tebur.

"Ina so Inna ta ga tsakar gida daga kwance. To, ya za a yi?"

Suka rabu biyar-biyar, da zare da tocila da ma'aunin kusurwa. Aka rufe tagogi, haske ya riƙa yawo a bango kamar malam-buɗe-littafi, har suka gane da kansu cewa yadda ya sauka a madubi, haka yake tashi. Suka ba ta lissafinsu, ta je ta kafa ƙusa.

Washegari ta dawo. "Rufin ɗaki kawai Inna ta gani."

Can wata mai yawan surutu ta ɗaga hannu.

"Malama, da kika auna, a zaune kike ko a kwance?"

"A zaune."

"Ashe ke kika kayar da mu! Matashi nawa take sawa?"

"Biyu."

"To, ki koma ki kwanta, Malama."

Ta koma ta kwanta gefen Inna, ta auna daga idon tsohuwar. Yara suka sake lissafi, ƙusa ta sauko da taƙi ɗaya.

Da la'asar ta rataye madubin. Sai tsakar gida ta shigo ɗaki a hankali: igiyar shanya, inuwar bishiya tana lilo, wani guntun gajimare mai tafiyar kasala. Inna ta daɗe tana kallo, ko ƙiftawa babu.

"Ke 'yar nan."

"Na'am, Inna?"

"Wace malalaciya ce ta shanya min zane a karkace haka?"

Malama ta fita tana share ido da bakin mayafi. Ta kama zanen, ta waiwayi taga, sannan ta ƙara karkata shi.