Waƙar da Baba Shekari ya binne shekara ashirin da biyu

Waƙoƙin Baba Shekari ɗari uku da goma sha ɗaya ne. Ni na ƙirga su da kaina, wata bakwai ina yi, sai da na cika manyan littattafai huɗu. Shi kam bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Duk suna cikin kansa, kowace da shekarar da ya yi ta da sunan wanda aka yi wa.

Gyaran risho ne sana'arsa, a wata rumfa bayan kasuwar Samaru a Zariya, inda yake zaune tun 1981. Da can yakan gyara ashirin a yini, ya sauya lagwani, ya liƙe tankin da ke yoyo. Yanzu da gas ya shiga gidaje, in ya samu uku an yi aiki. Shekarunsa sittin da takwas. Ni kuma Dinatu, shagona na buga takardu taku arba'in da biyu ne daga rumfarsa, kuma cocinmu ɗaya. Tun ina yarinya nake jin muryarsa, amma sai da na zauna rubutawa na gane irin mutumin da muke wucewa kullum muna ce masa sannu da aiki.

Baba ba ya ƙirƙirar karin waƙa. Na mutane yake ɗauka. In ya ji waƙa sau biyu, shi ke nan ta shiga hannunsa, ko ta fim ɗin Indiya ce, ko wadda ake saki a kantunan unguwar PZ, ko wadda sojojin barikin Basawa ke yi in sun fito gudun safe. Sai ya zare kalmomin masu ita, ya zuba nasa, a kan wani maƙwabci da halinsa. Kayan kiɗansa galan ɗin kananzir ne fanko da cokali biyu. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda kalmomin ke zama daram a kan karin, har in ka koma ka ji ta asalin sai ka ga kamar ita ce aka kwaikwaya. Akwai wata waƙar soyayya da ta cika gari shekarun baya, wadda har yau ba a iya sa ta a biki a unguwar Palladan, don da an fara sai jama'a su kama ta Celestine mai aski:

Celestine ya aske mini rabi,
wuta ta ɗauke, ya ce sai gobe.
Na je coci da hula,
Fasto ya ce cire, na ce sai gobe.

Na taɓa gwada shi. Na buɗe littafi na ce ya yi mini waƙa mai lamba tamanin da takwas, wadda ya yi a 1993 a kan wani tsohon saje da ke yi wa agwaginsa fareti. Baiti tara ne. Bayan mako uku na sake tambaya ba zato, ina bin rubutuna da yatsa. Ko kalma ɗaya ba ta gusa ba.

"Sakatariya," ya ce, don haka yake kirana, "ke kike mantuwa shi ya sa kike rubutu."

Amma yana da ƙa'ida, kuma ita ta sa shekara arba'in yana tsokanar mutane ba wanda ya taɓa kai ƙararsa. Kafin kowa ya ji waƙa, sai ya ɗauki galan ɗinsa ya je ƙofar wanda ya yi wa, ya rera masa su biyu kaɗai. In mutumin ya yi dariya, waƙa ta fita gari. In bai yi ba, ta mutu a nan. Ba ya roƙo, ba ya gyarawa ya dawo, ba ya kuma tambayar dalili.

"Wanda bai yi dariya ba ya gama magana," in ji shi. "Me kuma za ki tambaye shi?"

Irin waɗannan guda ashirin da bakwai ne, ba sa cikin lissafina na farko. Ya ba ni sunayen masu su, ya hana ni kalma ko ɗaya. Ashirin da shida ya ce sun cancanci kabari, ya yi su ne cikin gaggawa ko cikin haushi. Da muka zo kan ta ƙarshe sai ya ajiye lagwanin da ke hannunsa.

"Wannan ta fi duka ɗari ukun da kika rubuta. Ban taɓa yin kamarta ba, ba kuma zan ƙara ba."

Ta Iya Bolanle ce, Bayarabiya mai sayar da abinci a Sabon Gari, wadda barkonon miyarta ya yi suna tun daga PZ har bakin bariki. A 2002 ya yi mata. Ya je da rana bayan masu cin abinci sun watse, ya zauna a benci ya fara. Bai kai ƙarshen baiti na biyu ba ta tashi ta shige ciki ta ja labule. Ya ɗauki galan ɗinsa ya dawo Samaru a ƙasa. Tun daga ranar suna gaisawa in sun haɗu, amma bai ƙara zama a bencinta ba.

Wata Talata ce na ji labari a bakin 'yarta, da ta zo buga takardu, cewa Iya za ta koma Ogbomoso gaba ɗaya. Gwiwoyi sun ƙi, yara sun ce ya isa haka. Motar kaya za ta zo ran Asabar. Na ƙirga a yatsa, kwana huɗu. In ta tafi ba ta yi dariya ba, Baba ba zai ƙara buɗe baki da waƙar ba har a binne shi da ita. Na je na gaya masa.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce, ya ci gaba da goge tanki.

"Baba, ka je ka sake gwadawa mana."

"Ba a sakewa."

"To ka tambaye ta dalili."

"Ba a tambaya."

Ƙa'idarsa ce, ba tawa ba. Laraba da hantsi na rufe shago na hau Keke Napep zuwa Sabon Gari. Na tarar da Iya a tsakar gida a kan kujerar roba, ta miƙe ƙafa, ana ɗaure tukwane a buhuna. Na ƙirga tukwane goma sha tara. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni kai tsaye. Ta ɗago ta dube ni.

"Mai risho ne ya aiko ki?"

"Bai ma san na zo ba, Iya."

"Na sani. Wannan mutum, girman kai kamar hakimi." Hausarta tas, shekara arba'in da uku a Zariya. "Ya gaya miki inda ya samo karin?"

Ya gaya mini. Wata rana yana wucewa ta gaban cocin Yarabawa ya ga jama'a sun fito cikin anko, ana kiɗa, mata na rawa suna juya gyale. Ya tsaya ya ji sau biyu. Ya ce bai taɓa jin waƙar biki mai daɗinta ba.

"Biki," Iya ta maimaita. "'Yata, gawa aka fito da ita. Mu in tsoho ya cika shekaru ya tafi, da rawa muke raka shi. Ku ne kuke tafiya shiru kai a ƙasa. Waƙar nan ita muke yi daidai lokacin da aka ɗaga akwati."

Na ce ban sani ba.

"Shi ma bai sani ba. Wata huɗu kafin ya zo, na rufe shago mako biyu, na ce wa mutane na je gida. Uwata na je binnewa. Da waƙar nan muka ɗauke ta. Barkonon da yake yi wa waƙa kuma hannunta ne, ita ta koya mini ina shekara tara. Ina zaune sai na ji mutum ya ɗauko waƙar akwatin uwata yana buga ta a galan, yana maganar miyarta. Ba fushi na yi ba. Kuka na shiga yi, ban so ya gani. Da na wanke fuska na fito, ya tafi."

"Shekara ashirin da biyu, Iya, ba ki gaya masa ba?"

"Ya tambaya?"

Da na koma na faɗa wa Baba, bai yi mini faɗa ba. Ya zauna da risho a cinya. Sannan ya ce shi mai waƙa a coci ne tun yana saurayi, ya raka gawa ta fi ɗari, bai taɓa kawo wa ransa cewa ana iya yi wa akwati rawa ba.

Ran Juma'a ya sa rigarsa ta zuwa coci ya ce in raka shi. Bai ɗauki galan ba. A ƙofar Iya ya cire hula, dattijo da furfura, ya rusuna.

"Iya, na zo ne ki gafarce ni. Ban san abin da na ɗauko ba."

"Mai risho, ka tsufa."

"Ke ma ba ki ragu ba."

"Ina galan ɗin?"

"Na bar shi. Ba waƙa ta kawo ni ba."

"Ka ba ni baiti ɗaya da rabi ka gudu. Shekara ashirin da biyu ina son in san yadda ta ƙare." Ta jawo wata robar wanke-wanke ta kife, ta tura masa da ƙafa. "Ga cokula can a buhu."

Na miƙe zan fita, don ƙa'ida ta ce su biyu kaɗai. Iya ta ce in zauna, gidanta ne. Baba ya gwada robar sau biyu, ya gyara murya. Karin mai nauyi ne, yana hawa a hankali kamar ana ɗaga kaya, shi kuma ya rera shi da natsuwa irin ta coci, fuska ba alamar wasa:

Na ci miyar Iya ran Talata,
Laraba ina cigiyar harshena.
Alhamis likita ya leƙa,
ya ce, Malam, gobara aka yi?
Iya, rage, Iya, rage.

Iya ta rufe ido. Leɓenta na motsi, na gane kalmomin Yarabanci take bi a ƙarƙashin nasa. Hawaye ya gangaro mata. Baba ya gani, cokulan suka yi sanyi a hannunsa, ta ɗaga yatsa ta yi masa alamar ya ci gaba. Baiti na uku ya wuce, na huɗu ya wuce, ba dariya. Bakwai ne duka, ya gaya mini a hanya. A na biyar ya ce:

Na ce, Iya, ruwa don Allah,
ta dube ni ta dubi tukunya,
ta ce, ai yau ban sa barkono ba,
na masu ciwon ciki na dafa.

Wani sauti ya kuɓuce mata kamar tari. Sai ta kama cikinta, kujerar roba na rawa, tana dariya hawaye na zuba, tana dukan gwiwar da ke mata ciwo.

"Maganar uwata ce wannan," ta ce da ta samu numfashi. "Haka take cewa. Mutum na kuka a gabanta, ta ce yau ba ta sa ba. A ina ka ji?"

"A bakinki, Iya. Kullum."

Ya ƙarasa sauran biyun. Da ya ajiye cokula ya ce mata dariya ta yi, bisa ƙa'ida waƙa ta fita, amma yanzu da ya san ko ta wace ce ba zai kai ta kasuwa ba sai ta ce.

"Gobe ka zo da galan ɗinka," ta ce. "Matan cocinmu za su zo rakiya. In sun jefe ka, ruwanka."

Asabar da safe motar kaya ta tsaya a bakin layi. Mutum hamsin da shida na ƙirga, yawancinsu matan cocin Iya da tsofaffin masu cin abincinta. Baba ya zauna a kan turmin da ba a riga an loda ba, ya fara. Da matan suka gane karin, fuskoki suka canza, wata dattijuwa ta dafe ƙirji ta dubi Iya. Iya na tsaye da sanda, ita ta fara karɓar amshin, da ƙarfi, tana yi wa kanta: Iya, rage, Iya, rage. Dattijuwar ta saurari baiti na biyu, ta kwance gyalenta ta shiga fili. Karin nasu ne tun kakanni, ba wanda ya buƙaci a koya masa, suka raba murya huɗu a kan maganar barkono, masu lodi na miƙa tukwane bisa kiɗan galan. Direba ya yi hon sau uku kafin Iya ta yarda ta shiga, kuma sai da Baba ya maimaita mata baiti na biyar ta taga.