Fuskar Inna a Ƙahon Barewa

A gonar kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, da ke Umm Salal ta ƙasar Qatar na fara ganin barewar da ke zubar da ƙahonta da kanta. Irin ta ƙasashen sanyi ce, mai ƙaho rassa-rassa, an kawo ta don baƙi su sha kallo. Ni aikina zuba mata ciyawa da kwashe kashi. Ƙahon da ya faɗi kuwa shara ne a wurinsu, sai na riƙa tsincewa, don a gidanmu da sassaƙa muka tashi.

Shekarar da Inna ta rasu ban samu zuwa gida ba. Hotonta ko ɗaya babu, ta ƙi kamara har ta koma ga Allah. Sai na yanki wani reshe kamar babban yatsa, na zauna masa da reza da wata ƙusa da na wasa. Wata huɗu na yi. Ƙaho ba itace ba ne: wajensa tauri, cikinsa kamar soso, in ka matsa ya burma. Na fito da Inna zaune tana tsintar wake, ɗankwali a karkace, har da zanen nan uku na kumatunta. Ran da bakinta ya fito daidai sai da na yi kuka.

Mu shida ne a ɗaki. Babbanmu wani direba ne mai jan mu salla, mutumin da ko bokitinsa ba ya bari a taɓa. Ya gan ta a kan akwatina.

"Malam, wannan ai gunki ne. Mala'iku ba sa shiga ɗakin da yake."

"Mahaifiyata ce, Alhaji."

"Allah ya jiƙanta. Goge fuskar, kalas, shi ke nan. Ko ka nemi wani ɗaki."

Wani ɗakin a ina? Sauran huɗun kowa ya duƙufa kan wayarsa, wayoyin da ke cike da hotunan iyayensu mata. Ban ce ba shi da hujja ba, amma har gobe ina jin haushinsa, na kuma fi jin haushin kaina. Da na kai ta ɗakin ciyawa na ɓoye, wa zai sani? Tsoron a riƙa ce mini mai gunki ya sa na ɗauki magagari a gabansu na goge fuskar. Ko minti biyar ban yi ba.

Bana barewar ta sake zubar da ƙaho. Sau uku ina gwadawa a ɓoye. Ɗankwalin yana fitowa, hannuwan ma haka, amma bakin kullum na wata mata ne da ban sani ba.